Anini a Bakin Bindigar Kawu

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya ranar wata Laraba da hantsi, a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabuwar dawa ba ta ko fara ciki ba. Da ƙyar muka cika sahu biyu wajen yi masa salla. Da a ce shekara biyar baya ya rasu, da ƙofar gidan nan ba ta ɗauki mutane ba. Yanzu rabin ƙauyen ya watse, sauran kuma yunwa ta kwantar da su.

Liman ya ce mamacin mutum ne da bai taɓa barin sallar asuba cikin jam'i ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai haka ya faɗa a kan mutum ukun da muka binne kafin shi. Dagaci bai zo ba, ƙanensa ya aiko, shi kuma ya ɗosana a gefen tabarma yana jiran a shafa fatiha ya tashi. Mahaifiyata ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da mata suka dame ta da ba da haƙuri, sai ta ce ita abin da ke cin ta shi ne akwai maganar da ta taɓa gaya masa, ba ta kuwa janye ba har ya tafi. Matar Kawu abu ɗaya ta roƙe ni, in cire bindigar daga bangon ɗaki, don ba ta son ta buɗe ido da safe ta gan ta.

Ranar sadakar uku wata tsohuwar Bafillatana ta zo a ƙafa tun daga rugarsu can bayan Furana, da 'yar ƙwaryar nono a ka. Ba ta shiga gida ba. Ta durƙusa a ƙofar zaure, ta ajiye ƙwaryar, ta yi addu'a rabi da Hausa rabi da Fillanci, sannan ta yi kukan da mu 'yan gida muka kasa yi. Da yawa daga masu zaman makoki ba su san ko wace ce ba. Mahaifiyata ta sani, ta kuma juya fuskarta bango.

A ranar ce kuma na ji wasu mutum biyu daga Paki, waɗanda hanya ce kawai ta biyo da su suka tsaya gaisuwa. Ɗayan ya tambayi ɗan'uwansa a hankali wane ne ya rasu. Ya ce masa, ai tsohon nan ne mai wasa da bindiga ba albarushi, wanda ya yi shekara uku yana auna itacen kuka, ranar da aka ba shi biri ya harbi ƙasa. Suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Da suka ga ina kallonsu sai suka gyara fuska, suka ce Allah ya gafarta masa.

Dariyar nan ce ta zaunar da ni rubutu. Ban ji haushinsu ba, abin da aka gaya musu suka maimaita. Amma idan na yi shiru, da wannan sunan za a riƙa tuna shi har a manta da shi gaba ɗaya, ni kuwa na san sunan ba nasa ba ne.

Ƙauyenmu yana gindin wani dutse ne, tafiyar rabin wuni daga Ikara. Ƙasar gindin dutsen ita ce mai kyau, ita ke ciyar da mu tun kakanni, sauran duk tsakuwa ce. Saman dutsen kuwa na gwaggon biri ne, garke guda. Wanda bai taɓa ganin abin da gwaggon biri ke yi wa gonar dawa ba zai ɗauka abin dariya ne. Ba ci yake yi ya ƙoshi ya tafi ba. Zai karya zangarniya, ya gatsa sau ɗaya, ya yar, ya karya wata. Mun gwada majajjawa, mun gwada ganga, mun gwada karnuka. Mace ba sa ko ɗaga kai su dube ta. Kibiya kuwa sun san iyakar inda take kaiwa, sai su zauna taku biyu bayan nan suna susa. Abu ɗaya suke tsoro a duniya, shi ne bindigar Kawu.

Tsohuwar bindiga ce mai ƙanƙara, wato dutsen da ke ƙyasta mata wuta, irin wadda ake ɗurawa ta baki, ya gada wajen mahaifinsa. Tsawonta ya kusa kai masa kunne, don Kawu gajere ne, kuma ba ya son a faɗa. Duk shekara idan dawa ta fara nuna, sai ya kwanta a gona ya jira ƙaton namijin da ke ja wa garken gaba, ya ba shi harbi ɗaya. Idan wannan ya faɗi, sauran ba sa sake saukowa sai an gama girbi, muddin suna hango Kawu tsaye da bindiga a kan suri. Yakan ce harbi ɗaya ya ishe mu shekara, amma fa sai ya samu. Idan ka harba ka kuskure, ka koya wa biri cewa ƙara ce kawai, kuma biri ba ya manta karatu.

Ba mai yawan magana ba ne, ba kuma mai daɗin sha'ani ba ne, kada wani ya ce don ya mutu na gyara shi. Kowa a wurinsa rago ne. Ba ya cin goro sai rana ta yi tsaka, wai yana sa hannu rawa. Idan ya shiga gidan mutum, kafin ya gama gaisuwa ya riga ya gaya masa inda dangarsa ta karkace. Ni tun ina ƙarami nake ɗingishi da ƙafar hagu, shi kuwa bai taɓa kirana da sunana ba, sai Gurgun ƙanwata. Har na yi aure na haifi 'ya'ya biyu sunan bai canza ba. Amma duk naman da ya harbo, cinya guda gidanmu take zuwa, ba ya kuma tsayawa a yi masa godiya.

Sai yaƙin Turawa ya tashi a can ƙasashen da ba mu san ko ina suke ba. Mu abin da ya iso mana shi ne gishiri ya yi wuya, kananzir ya ɓace, albarushi kuma aka ce an hana sayarwa. Kawu bai yarda ba sai da ya taka da ƙafarsa. Ya je kasuwar Makarfi, ya je Kudan wurin wani tsohon abokin farautarsa, ya kai har Zariya, ya dawo da faso a dugadugansa. Ya san yadda ake haɗa albarushin gida, amma farar wuta ita ma ta ɓace daga kasuwa. Ya gwada haɗawa ba ita. Abin da ya samu hayaƙi ne da rabin gemu, matarsa ta yi kwana bakwai tana dariya duk sanda ta dube shi. Ban tuna na sake jin dariya irin wannan a gidan ba.

Daga nan ya shimfiɗa fata, ya juye ƙahon albarushinsa, ya auna a gabana. Ɗuri uku ne, da ɗan guntun da ba zai kashe ko kurciya ba. Ya mayar, ya toshe bakin ƙahon da kakin zuma, ya rataye shi sama inda ɗumin murhu ke kaiwa. Ya ce shekara uku ke nan, in Allah ya so, kafin nan Turawa sun gaji da faɗan.

A shekarar ce aka kwashi samarin ƙauye zuwa haƙar kuza, har da ɗan Kawu guda ɗaya tilo, wanda shi ne ya kamata ya gaji bindigar. Ni aka bar ni, don ba wanda ya ga amfanin gurgu a cikin rami. Wata safiya Kawu ya leƙo gidana ya ce in biyo shi. Na ce ina za mu. Ya ce za mu ga ko hannuna ya fi ƙafata hankali.

Bayan gidansa akwai wata kuka. Ya shafa mata toka a jiki, fari kamar faɗin tafin hannu, ya ƙirga taku talatin ya ja layi a ƙasa. Ya cire ƙanƙarar bindigar don kada ta cinye a banza, ya sa guntun icce a madadinta. Sannan ya fito da anini ɗaya daga aljihu ya ɗora a kan bakin bindigar. Aikin shi ne ka ɗaga, ka auna tokar, ka saki rabin numfashi, ka ja kunama. Idan ta yi ƙas kuma aninin bai faɗi ba, hannunka bai motsa ba. Sai ka sauke bindigar, ka tara hannun hagu aninin ya zamo ciki, ka miƙa wa ɗan'uwanka. Shi ya yi, ni in yi, har kafaɗa ta mutu. Ranar farko aninin ya fi zama a ƙasa fiye da kan bindiga, Kawu ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke rawa tun ba a fara kiɗa ba sai ni.

Ba wannan kaɗai ba. Mukan ɗura yashi a madadin albarushi mu zazzage, don hannu ya san awo ko ido a rufe. Yakan nuna mini wani kututture ya ce taku nawa ne, in faɗa, mu taka mu gani. Yakan sa ni kwanciya a kunya tun fitowar rana har hantsi ba motsi, tururuwa na yawo a wuyana. Damina da rani haka muke, ban da ranar Salla. Idan na yi ƙorafi sai ya ce bindiga ba ta manta aikinta, hannu ne ke mantawa, kuma ba mu da albarushin da za mu tuna masa.

Mutane kuwa sun sami abin kallo. Mata masu zuwa rijiya sukan rage tafiya su toshe baki da gefen zane. Mahauci ya taɓa tambayar Kawu ko naman kukar ya isa yanka. Ni kunya takan kama ni, shi ko a jikinsa.

Akwai abin da na lura da shi tun farko. Idan ni na ja kunama ta yi ƙas, nan take nake saukewa in tari aninina, har ina jin daɗin saurina. Shi kuwa idan ta yi ƙas sai ya tsaya cik, kunci manne da icce, ido a kan toka, kamar numfashi uku, sannan ya sauke. Na ɗauka nauyin jikin tsufa ne. Har tsokanarsa nake yi, in ce, Kawu, birin nan fa ya mutu, har an yi sadakar uku. Sai ya dube ni da mamaki ya ce wane biri, ya miƙo mini bindigar. Bai san yana yi ba.

Kakar farko ya kashe ɗuri ɗaya. Ina kwance a gefensa. Albarushin da sauran ƙarfinsa, ja da tashi lokaci ɗaya ne, ƙaton ya faɗi a inda yake. Muka yi girbi lafiya, masu dariya suka ci tuwo suka ci gaba da dariya.

Bayan girbi hakimi zai zo rangadi, dagaci ya aiko a ba da ɗuri ɗaya a buga don tarya. Kawu ya ce a gaya wa dagaci, da girmamawa, idan baƙon zai tsaya a kan suri ya kore mana biri da kaka, to a zo a karɓa. Ɗan aiken ya rage maganar kafin ya isar, amma abin da ya rage ma ya isa. Tun daga ranar dagaci bai sake amsa gaisuwarsa da baki ba, sai da ka.

Wanda ya hana dagaci, bai cika wata biyu ba ya kashe ɗuri na biyu a kan bare. Ana tsakiyar rani wani makiyayi ya shigo ƙauye a guje da rana tsaka, ya ce mahaukacin kare ya shiga rugar wata tsohuwa, ya ciji maraƙi, ita da jikokinta uku suna cikin bukkar ciyawa, karen yana tona gindin bukkar. Mazan rugar sun tafi da shanu kudu. Aka taru ana shawara, kowa yana cewa a ɗauki sanduna, ba wanda ya ɗauka. Kafin a gama shawara Kawu ya fasa kakin ƙahon, ya bi makiyayin. Da la'asar ya dawo, ya wanke bindiga, ya sake toshe ƙahon da ɗuri ɗaya a ciki.

Mahaifiyata ta same shi har gida. Ni ina tsaye a zaure, na ji komai. Ta ce ya ɗauki abincin shekara guda na ƙauye ya ba mutanen da gobe za su kwashe bukkarsu su tafi ko sallama babu. Ta ce idan yunwa ta taɓa mata jika, shi ne, kuma ba za ta yafe ba. Ya bar ta ta gama, sannan ya ce, "Su ma jikokin wata ne." Maganarta ta ranar nan ita ce wadda ba ta janye ba.

Kaka ta biyu bai harba ba. Ya ce na ƙarshen sai ranar da ba makawa. Ya yi kwana arba'in yana tsaye a kan suri daga fitowar rana zuwa faɗuwarta da bindiga ba komai a cikinta, yana ɗagawa yana aunawa duk sanda suka matso. Biran suka ci gefen gona, suka bar mana tsakiya. Na sha kai masa ruwa in tarar leɓɓansa sun tsage, ƙafafunsa sun kumbura, in ce ya ba ni in karɓe shi. Sai ya ce shi suka sani, idan suka ga gurgu a kan suri za su ɗauka an buɗe kasuwa.

A shekara ta uku na gane idonsa ya tafi. Muna gindin kuka aninin ya faɗi, abin da ya daɗe bai faru a hannunsa ba. Ya durƙusa yana lalube a ƙasa, aninin kuwa ga shi nan yana ƙyalli a gaban gwiwarsa. Na ɗauka na sa masa a hannu. Ya mayar da shi kan bindigar, muka ci gaba. Tsoro ya kama ni a ranar, don na san abin da ke tafe.

Garken ya yi sabon shugaba a shekarar, wani ƙato mai furfura a kafaɗa, wanda bai taɓa ganin an harbi kowa ba tun da ya karɓi gaba. Kullum sai ya ƙara matsowa. Ranar da ya zauna a kan wani falalen dutse a cikin gonar kanta yana cin dawa yana kallon Kawu, Kawu ya dawo gida ya ce gobe ne. Ya hana kowa zuwa gona, ya ce hayaniya za ta ɓata aiki. Mu biyu muka tafi.

Shi ya ɗura da hannunsa, yana shafawa. Ya sa sabuwar ƙanƙarar da ya ɓoye shekara uku. Muka kwanta a kunya har hantsi. Da ƙaton ya hau falalen, taku talatin ba ƙari ba ragi, sai na ji an turo mini bindigar a hankali. Ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Yi yadda kake yi a gindin kuka," in ji shi. "Kada ka ƙara komai, kada ka rage komai."

Haka kuwa na yi, Allah ne shaidata. Na ɗaga, na auna ƙirjinsa, na saki rabin numfashi. Hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan, da akwai anini a kai da bai motsa ba. Na ja kunama, ta yi ƙas, wuta ta yi tartsatsi, na ji wani ɗan huci kusa da kuncina. Bindigar ba ta tashi ba. Kafin tunani ya zo mini, hannuna ya riga ya yi abin da ya yi kowace safiya shekara uku. Na sauke bakin bindigar, na buɗe tafin hagu in tari anini. A nan ta tashi. Harsashin ya shiga kunya taku biyar a gabanmu, ƙasa ta watso mana a fuska.

Biran suka watse suka hau dutse, suka tsaya, suka juyo suna kallo. Ba wanda ya faɗi a cikinsu. Kawu ya ce, "Ya faɗi?" don ba ya gani. Na ce bai faɗi ba. Na gaya masa abin da ya faru.

Can ya ce, "Da ta yi ƙas kake saukewa?"

Na ce, "Kullum, Kawu. Ai haka muke yi."

"Ni ma haka nake yi?"

"A'a. Kai kana daɗewa. Shi ne nake tsokanarka."

Ya tashi zaune a kan kunya, ya dafe kansa da hannu biyu. Ya ce tsohon albarushin da ya sha damina uku ba ya tashi nan take, sai ya yi jinkiri, dole mai harbi ya riƙe har ya ji ta a kafaɗarsa. Ya ce shekara arba'in ya san wannan, hannunsa ya sani, bakinsa ne bai taɓa faɗa ba, don bai taɓa zaton abu ne da ake faɗa ba. Ya ce, "Ba kai ka kuskure ba. Abin da na koya maka ka yi." Kafin azahar ƙaton ya dawo ya zauna a kan falalen nan.

Da muka shiga ƙauye mutane na jira a gindin durumi, sun ji ƙarar. Tun ban buɗe baki ba Kawu ya ce musu ya harba ya kuskure, ido ya tsufa, a yi haƙuri. Na tsaya a bayansa riƙe da ƙahon da ba komai a ciki. Kalma ɗaya ta isa in gyara maganar. Na dubi fuskokin mutane, na ga yadda suke kallonsa, na ji tsoron su kalle ni haka, na yi shiru. Wannan shi ne abin da na yi, ba ni da wani suna da zan ba shi sai tsoro.

Kwana tara biran suka yi suka gama da gonakin gindin dutse. Mun fita duka, maza da mata, da ganguna da wuta da majajjawa, muna korar na gabas na yamma na ci. Muka yanke sauran dawar tun ba ta gama nuna ba, rabinta ta ruɓe a rumbu. Kafin bazara gidaje suka fara tashi, wasu Kudan ƙwadagon rake, wasu Makarfi, wasu ba a san inda suka nufa ba. Ɗan Kawu bai dawo daga haƙar kuza ba, ba kuma wanda ya zo mana da labarinsa.

Da ruwan farko ƙaramar 'yata ta rasu. Ba ta cika shekara uku ba. Zawo aka ce, amma duk mun san abin da ya buɗe wa zawon ƙofa. Kawu ne ya ɗauke ta a hannu zuwa maƙabarta, yana tafiya yana laluben hanya da ƙafa. Mahaifiyata ta tsaya a ƙofar gida ta dube shi har ya wuce, daga ranar kuma ba ta sake taka gidansa ba. Ina ganin wannan duka na bar shi ya ɗauka. Sai bayan ya rasu matarsa ta gaya mini cewa tun daga lokacin ba ya shan kununsa, sai ya ce a kai wa ɗana da ya rage, a ce daga wurinta ne.

Kwana biyu kafin ya cika ya aika a kira ni. Yana kwance, ya zama ƙashi da fata. Ya ce in ɗauko bindiga da anini, in tsaya a bakin ƙofa in auna kukar. Na yi. Da ta yi ƙas sai na ji muryarsa daga gado, can ƙasa, yana cewa, "Riƙe. Riƙe. Riƙe. To, sauke." Ya sa na maimaita sau uku. Sannan ya ce yanzu ya gama koya mini. Na durƙusa na ce zan fita in gaya wa mutane gaskiya. Ya ce kada in kuskura, shi tafiya zai yi, ni ne zan zauna da su, kuma mai zama ne yake bukatar a gan shi da mutunci. Ya ce, "Ka ji ko, Gurgun ƙanwata?" Na ce na ji.

Ban taɓa saɓa masa ba yana da rai, sai yanzu. Daren sadakar bakwai bai yi ba sai da na sami mahaifiyata a ɗakinta na gaya mata komai, tun daga anini har zuwa gindin durumi. Na zaci za ta zage ni, na ma so ta zage ni. Ba ta zage ni ba. Sannan ta ce, "Da ka faɗa mini kwana goma da suka wuce, da na je." Ta tashi ta fita, na ji ta a bayan ɗaki tana kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

To, ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kai har Paki. Kawuna bai taɓa kuskuren harbi ba. Ɗuri biyu ya harba cikin ukun nan, ɗaya ya ciyar da ƙauye shekara guda, ɗaya ya fid da tsohuwa da jikoki uku daga bukka. Na ukun ni ne.

Ana ta cewa yaƙin ya kusa ƙarewa, albarushi zai dawo kanti. Wataƙila. Bana ba wanda ya shuka gindin dutse, ciyawa ta rufe kunyoyin, biran har bakin rijiya suke saukowa. Ko albarushin ya dawo, ban san gonar wa zan tsare ba. Bindigar tana ɗakina, kuma har yanzu kowace safiya ina zuwa gindin kuka, don ban san abin da zan yi da safiyar ba in ban je ba. Yanzu ba mai tsayawa ya yi dariya, masu dariyar sun tashi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa kabarinsa fiye da yadda duniya ta yi masa duhu a ƙarshe, ya sanya kunun da ya hana kansa a mizaninsa. Allah ya yafe wa mahaifiyata maganarta, ni kuma ya yafe mini shiruna. Yau da safe na ɗora aninin, na auna tokar, na ja kunama, na riƙe numfashi uku cur. Aninin bai motsa ba. Na sauke, na juya in miƙa bindigar, ba kowa a gefena.